Aya ce ta kai ni Balensiya, ruwa ya zaunar da ni

Ni mutumin Maraɗi ne, kuma a gidanmu da kuɗin aya aka ciyar da mu, da su aka kai mu makaranta. Mahaifina, Allah ya jiƙansa da rahama, fataucin aya yake yi. Da kaka ta yi yakan bi kasuwannin ƙauyukan da ke wajen Agye yana sarowa tiya-tiya, a kawo gida mata su sheƙe ta, su tsince tsakuwa, sannan a ɗura a buhuna. Mafi yawan buhunan Katsina da Kano suke nufa, amma mai manyan ƙwaya akan ware ta daban a ce ta Turawa ce, za a bi da ita ta Kwatano a saka a jirgin ruwa. Wata rana na tambaye shi abin da Turawa suke yi da aya, sai ya ce mini: "Ɗana, mai saye bai faɗa mini ba, amma duk wanda ya biya kuɗin jirgi saboda aya, to ya san daɗinta." Bai rayu ya ji cikakkiyar amsar ba, ni ne Allah ya ƙaddara zan je in gani da idona.

Bayan na gama karatun aikin gona a Yamai, na samu gurbin ƙarin karatu a fannin ban ruwa a ƙasar Sifaniya, kuma a ƙarshen shekarar 2016 na sauka a Balensiya. Birni ne da ke gaɓar Bahar Rum a gabashin ƙasar, shi ne na uku a girma bayan Madrid da Barselona, yana da mutane kimanin 800,000, kuma adadin yakan ninka idan aka haɗa da garuruwan da suka manne masa. Shimfiɗaɗɗen wuri ne wanda mutum zai ratsa a kan keke ba tare da ya yi haki ba, duwatsu kuwa suna can yamma da nisa, kuma daga cikinsu kogin Turiya yake gangarowa zuwa teku. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne ruwan saman da birnin yake samu a shekara bai cika milimita 500 ba, wato bai yi wa namu na Maraɗi nisa ba, amma ga shi lambuna sun kewaye shi, kore shar a kowane wata na shekara. Watannin Yuli da Agusta da ƙyar ake ganin ɗigo, sai daga Satumba zuwa Nuwamba ruwan yake zuwa, kuma sau da yawa a cikin 'yan kwanaki kaɗan yake juyewa gaba ɗaya.

Na kama ɗaki a unguwar Benimaclet, inda gidajen bene suke ƙarewa kwatsam sai ka tsinci kanka a bakin gonar albasa. Daga nan da ƙafa ma ana isa Alboraya, garin da ya shahara da abin sha da suke kira horchata. Ranar da abokan karatuna suka kai ni suka ce in ɗanɗana abin da babu irinsa a duniya, aka kawo mini shi a kofi, fari tas mai sanyi ƙalau, tare da wani dogon burodi mai zaƙi da ake tsomawa a ciki, kurɓa ɗaya na yi na gane kunun aya ne. Ba sa saka dabino ko kwakwa ko citta, aya ce kawai da ruwa da sukari, amma ita ce dai ayar da na tashi a cikinta. Na gaya musu sana'ar mahaifina, suka yi ta mamaki, domin mafi yawansu sun ɗauka babu inda ake noma ta sai ƙasarsu.

Manoman wannan yanki suna shuka aya a Afrilu da Mayu a kan kunya, a ƙasa mai yashi, suna shayar da ita har ganyen ya bushe, sannan daga Nuwamba a tone ta da injin, a wanke, a shanya a ɗakuna masu iska har kusan wata uku ana jujjuya ta. Sun haɗa kansu sun sama wa tasu ayar hatimin asali, saboda haka tana da suna kuma tana da farashi. Abin da suke nomawa ba ya isar masana'antu, sai a cike giɓin da ayar Nijar da Burkina Faso da Mali, wadda take shigowa ba tare da sunan gari ko na manomi ba. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi mini, domin na san wahalar da matan ƙauyukanmu suke sha wajen tonon aya da sheƙarta a cikin ƙura, na kuma tabbata tamu ba ta gaza tasu a daɗi ba. Abin da suka fi mu shi ne haɗin kai da tsari.

Aikin bincikena ya haɗa ni da wani dattijon manomi a arewacin birnin, wanda na riƙa auna ruwan da ke shiga gonarsa, kuma abin da na koya a wurinsa bai gaza na aji ba. Daga kogin Turiya manyan magudanai takwas suke ɗaukar ruwa su raba wa lambunan da ke kewaye da birnin, kowace tana da suna, irin su Mestalla da Favara da Rascanya da Quart, kuma sunan ta farkon ne filin ƙwallon kulob ɗin Balensiya ya ɗauka. Kowace babbar magudana tana haifar ƙanana, ƙananan su haifi wasu, har ruwa ya isa bakin fangalin mutum. Kowa yana da lokacinsa, idan kuma lokacin ya faɗo da ƙarfe uku na dare, to da ƙarfe uku na dare za a yi ban ruwa. Na sha raka dattijon da fitila a hannu, ya ɗaga ƙyauren ƙarfen da ke toshe bakin gonarsa, ya tsaya da fartanya yana bin ruwan kunya bayan kunya, da ya kai ƙarshe ya mayar da ƙyauren nan take ko da babu mai ganinsa, domin na ƙasa da shi yana jira. Ya bayyana mini cewa a wurinsu haƙƙin ruwa a jikin gona yake, ba a sayar da shi daban, kuma a shekarar fari kowa yakan rage gwargwadon girman gonarsa, mai babba da mai ƙarama.

Shi ne ya kai ni kotun ruwa. Kowace Alhamis da ƙarfe goma sha biyu na rana, da ƙararrawar hasumiyar Micalet ta buga, wakilan magudanan nan takwas, waɗanda manoma ne da 'yan'uwansu manoma suka zaɓa, sukan zauna a kan kujeru a ƙofar babbar majami'ar birnin, sanye da baƙaƙen riguna irin na manoman da. Mai shela yakan kira sunan kowace magudana ya tambaya ko akwai wanda aka kawo ƙara. Idan akwai, mai gadin magudanar ya faɗi laifin, ko an sha ruwa ba a lokacinsa ba, ko an bar shi ya malale ya ɓata gonar maƙwabci, wanda ake tuhuma ya kare kansa da bakinsa, a yanke hukunci a wurin. Babu lauya, babu ɗaukaka ƙara, kuma da harshen Balensiya ake komai, wanda shi ne harshen yankin tare da Sifaniyanci. Tsarin mulkin ƙasar na 1978 ya amince da irin waɗannan kotunan gargajiya, hukumar UNESCO kuma ta saka wannan a cikin gadon al'adun duniya a 2009. A yau makonni da yawa sukan wuce babu ƙara ko ɗaya, masu yawon buɗe ido sun fi manoma yawa a wurin, amma a ganina ƙarancin ƙarar shaida ce ta ƙarfin kotun, domin babu manomin da yake so a kira sunansa a gaban jama'a a ce ya ci haƙƙin maƙwabcinsa.

Mutanen birnin suna danganta asalin wannan kotu ga zamanin Musulmin Andalus. Rumawa ne suka kafa garin a shekara ta 138 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Musulmi kuma suka riƙe shi tun daga ƙarni na takwas har 1238, in ban da ɗan tsakanin da wani jarumin Kirista mai suna El Cid ya ƙwace shi a 1094, kafin Murabiɗun, waɗanda tushensu yake Sahara, su karɓe shi a 1102. Lokacin da Sarki Jaume na Ɗaya na Aragon ya shiga birnin ranar 9 ga Oktoba 1238, ranar da har yau ake hutu dominta, ya mayar da babban masallaci majami'a, amma ya bar tsarin rabon ruwa yadda ya same shi. Zuriyar Musulmin sun ci gaba da noma ƙasar har 1609, shekarar da aka kore su zuwa Arewacin Afirka, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen masarautar Balensiya ne suka tafi a wannan kora. Ba zan ɓoye cewa zuciyata takan yi nauyi idan na tsaya a wannan ƙofa ba. Duk da haka na ga yadda mutanen yau suke ambaton waɗanda suka haƙa magudanan da girmamawa, kuma na fi ganin tarihinsu a cikin ruwan da ke gudana zuwa gonaki a kan guntayen ganuwarsu da suka rage a tsohuwar unguwar Carmen.

Akwai gine-ginen da kowane baƙo yake zuwa gani, kamar zauren cinikin siliki da aka fara ginawa a 1482 lokacin da birnin yake kan ganiyar arzikinsa, da babbar kasuwar da aka buɗe a 1928 a gabansa, inda nake sayen kifi da lemo. Ni dai abin da ya fi kama hankalina shi ne kogin da babu ruwa a cikinsa. Ranar 14 ga Oktoba 1957 Turiya ya cika ya tumbatsa, ya shiga birnin ya kashe aƙalla mutum 81. Gwamnati ta yanke shawarar haƙa masa sabuwar hanya mai faɗi ta kudu, kuma mutanen birnin sun biya wani ɓangare na kuɗin ta hanyar ƙarin kan sarki da suke liƙawa a kowace wasiƙa shekara da shekaru. Da tsohuwar hanyar kogin ta bushe sai aka so a shimfiɗa babban titin mota a cikinta, jama'a suka ƙi, suka ce kogin nasu ne kuma kore suke son sa. Sun yi nasara, a 1986 aka buɗe shi a matsayin lambun shaƙatawa mai tsawon kusan kilomita 9, inda yau ake gudu da ƙwallo a ƙarƙashin tsofaffin gadoji, kuma a ƙarshensa ne fararen gine-ginen kimiyya da fasaha da mai zanen gini Santiago Calatrava, ɗan asalin birnin, ya zana suke tsaye. Labarin bai zame mini baƙo ba, domin tsofaffinmu suna ba da labarin ambaliyar Gulbi ta 1945, wadda ta sa aka tayar da Maraɗi daga kwari aka mayar da ita kan tudu.

Mutanen Balensiya masu son hayaniya ne da taro, kuma ba sa jin kunyar haka. Daga 1 zuwa 19 ga Maris, kullum da ƙarfe biyu na rana ana tayar da albarushi a dandalin gidan magajin gari, ƙara ce ta 'yan mintuna wadda mutum yake ji a ƙirjinsa kafin kunnensa, irin ta 'yan bindiga ranar hawan Sallah idan an ninka ta sau ɗari. Wannan shi ne bikin Fallas, inda ƙungiyoyin unguwanni kusan 400 suke shafe shekara suna tara kuɗi a gina manyan mutum-mutumi na katako da kwali, wasu sun kai tsayin bene, galibi na shaguɓe ga 'yan siyasa da halayen zamani, sannan a daren 19 ga wata a cinna musu wuta 'yan kwana-kwana suna tsaye suna jiƙa bangon gidaje. Ba na shiga abin da ya shafi ibadarsu a cikin bikin, kuma maƙwabtana ba su taɓa matsa mini ba. A 2024 da 2025 azumi ya faɗo a cikin bikin, na riƙa ratsa titunan da ƙamshin soyayyen fanken kabewa ya cika da bakina a rufe, da magariba kuma wata tsohuwa da ke ƙasan benenmu takan aiko jikanta da nawa kason a takarda, domin ta riƙe lokacin shan ruwa.

Ta wajen abinci ma ruwa ne yake mulki. Kudu da birnin akwai tafkin Albufera, wanda siririn tudun yashi ya raba shi da teku, kuma gonakin shinkafa ne suka kewaye shi tun zamanin Musulmi. Daga nan paella, wato dafa-dukar shinkafarsu, ta fito, kuma ta asali ba ta da kayan teku, kaza ce da zomo da koren wake da wani farin wake mai faɗi, da tumatir da za'afaran, a dafa a faffaɗan kasko a kan itacen lemo. Abincin rana ne na Lahadi, sau da yawa maigida ne yake dafawa, a ci daga cikin kaskon kowa da gabansa, kuma ƙanzon da ya kama a ƙasa shi ne abin da ake rububi. Ranar da dattijon manomin ya fara gayyata ta, ya tafi har wurin wani mahauci ɗan Maroko ya sayo kazar da zomon domin in ci hankalina kwance, bai kuma faɗa mini ba sai matarsa ce ta tsegunta mini.

Ba zan ce rayuwar baƙar fata a nan shimfiɗa ce mai laushi ba. Na yi neman ɗaki an ce mini akwai a waya, da na je aka ga fuskata sai aka ce an riga an bayar. Na san 'yan'uwa daga Senegal da Mali da Gana da Najeriya da suke tsinkar lemo a cikin sanyin Disamba ana biyan su abin da bai taka kara ya karya ba saboda ba su da takardu, muna haɗuwa da su ranar Juma'a a masallatan unguwannin Orriols da Russafa. Kuɗin haya kuma ya yi tashin da 'yan gari ma suke kuka da shi. Amma a wannan birni ne na ga tashar jiragen ruwa, wadda take cikin mafiya hada-hadar kwantena a Bahar Rum, ta karɓi jirgin Aquarius da rakiyarsa a watan Yuni 2018 da mutum fiye da 600 da aka tsamo daga teku, bayan Italiya da Malta sun hana su sauka. Na ga ɗaruruwan 'yan gari sun ba da kansu domin tarbar su, kuma ba na iya ba da labarin ɓangare ɗaya in bar ɗayan.

Ranar Talata 29 ga Oktoba 2024 ta same ni ina aiki da wata ƙungiyar manoma, na riga na yi aure, iyalina suna tare da ni. A cikin birnin ruwan sama bai taka kara ya karya ba, har a garin Paiporta da ke kudu da birnin ma kusan babu abin da ya sauka, amma can kan duwatsun yamma sama ta ɓalle, a garin Turís an auna fiye da milimita 770 a yini ɗaya, abin da ya zarce ruwan shekara guda da rabi. Duk wannan ya gangaro ta busasshiyar ƙoramar Poyo, wadda mafi yawan shekara ko tafin ƙafa ba ta jiƙawa, ya afka wa Paiporta da Picanya da Catarroja da Massanassa da Alfafar da Sedaví da yamma, lokacin da mutane suke dawowa daga aiki. Saƙon gargaɗi ya shigo wayoyinmu bayan ƙarfe takwas na dare, alhali a lokacin ruwa ya riga ya kai wuya a tituna da yawa. Fiye da mutum 220 suka rasu a lardin, da yawansu tsofaffi ne da ke zaune a gidajen ƙasa, da waɗanda suka sauka gareji domin fitar da motocinsu. Sabuwar hanyar kogin ta ɗauki ruwanta ta kare tsakiyar birnin kamar yadda aka tsara, sai dai garuruwan da ke kudancinta sun yaɗu cikin shekarun nan a kan ƙasar da kowane manomi ya san hanyar ruwa ce, kuma a matsayina na mai wannan sana'a ina ganin a nan babban kuskuren yake.

Wani abokina Bahaushe ɗan Kumasi yana zaune a ɗakin ƙasa a Alfafar, kuma wayarsa ta daina shiga tun daren. Hanyoyi sun toshe da motoci da suka hau kan juna, jirgin ƙasa ya tsaya, saboda haka ranar Juma'a 1 ga Nuwamba na ɗauki shebur da jarkokin ruwa na nufi gadar ƙafa da ta haye sabon kogin zuwa unguwar La Torre. Abin da na tarar a kan gadar ba zan manta da shi ba, dubban mutane ne suke tafiya a jere, mafi yawansu matasa, kowa da tsintsiya ko bokiti ko keken cefane cike da burodi da madara, babu wanda ya kira su kuma babu mai ba su umarni. A ƙetare laka ta kai gwiwa, warinta ya cika ko'ina, kuma a jikin bango ana ganin layin da ruwa ya tsaya sama da kan mutum. Na samu abokina da rai, ya rungume ni yana cewa: "Malam, da ba don matar da ke saman bene ta buɗe mini ƙofa ta jawo ni ba, da sai dai ku yi mini salla." Komai nasa ya tafi, har takardun zamansa. Mun yini muna tura laka daga gidajen layin zuwa titi, mu da ɗalibai da 'yan Maroko da 'yan Kolombiya, manoma kuma suka shigo da taraktocinsu suna jan motoci domin a buɗe hanya tun kafin manyan injuna su iso. A bango da kyallaye an rubuta cewa jama'a ce kaɗai take ceton jama'a, kuma ba da wasa suke faɗa ba, da fushi suke faɗa.

Watannin da suka biyo baya na yi su ne a cikin magudanan kudu, musamman rassan Favara, muna kwashe laka da kara da tarkacen gidaje, muna gyara ƙyauren da ruwa ya tumɓuke, domin idan ruwa bai gudana ba kafin Mayu to babu shinkafa a Albufera a wannan shekara. An samu an yi shukar, ko da yake wasu gonakin lambu sun daɗe ba su dawo ba. Yanzu idan hukumar yanayi ta ba da jan gargaɗi ana rufe makarantu, mutane suna hawa sama, babu mai sauka gareji. A garuruwan da abin ya shafa, na'urorin hawa bene da yawa sun yi watanni a lalace, tsofaffin da ke sama ba sa iya saukowa, shi ya sa ni da abokina muka riƙa zuwa ranar Asabar muna hau wa matar da ta cece shi da cefanenta da tukunyar gas har hawa na uku, tare da na sauran tsofaffin da ke benen.